Mai Korar Tsuntsaye

Shekara ashirin da uku ina bin titin jirgi da ƙafa,
tun kafin ladanin Kurna ya gyara murya,
tocila a hagu, buhu a dama,
ina tsintar abin da dare ya yar:
noti, guntun waya, mushen bushiya,
duk abin da inji zai haɗiye ya kasa amayarwa.

Sunana Barau, mai korar tsuntsaye.
Ban taɓa hawa jirgi ba, ko na Legas,
amma na san shirwa da balbelar filin ɗaya-ɗaya,
wadda ƙarar bindigata ke razanarwa
da wadda ta saba, sai dai ta gyara tsayuwa.

Mutane na tsoron can cikin gajimare.
Na ce musu sama ba ta cika cin mutum ba.
Tulu ba ya fashewa a tsakiyar hanya,
sai wajen ɗauka, ko wajen saukewa.

Na ga bazara ta sassauta iska
har fiffike ya laluba ya rasa abin riƙo.
Na ga mai awon kaya ya karɓi na goro
ya kau da kai daga jaka goma.
Na ga matuƙi yana wanke ido da ruwan gora,
bai runtsa ba tun shekaranjiya.
Na ji makaniki ya ce gobe,
goben da ba ta da ranar zuwa.

Wata Laraba, tsakiyar marka,
kwalta ta koma madubi.
Ya taho daga gabas da fitilu a kunne,
ya wuce inda ake dira, bai dira ba.
Hasumiya ta ce ya sake zagayowa.
Ko mai ya duba, ko agogo, Allah masani.
Taya ta taɓa ruwa, ba ta taɓa ƙasa ba,
birki ya kama, babu abin kamawa.

Ya keta shinge kamar zanar bara,
ya kwantar da geron Malam Ɗanjuma,
ya kafa hanci a kwari.
Shiru.
Sai kwaɗi.
Sannan wuta, sannan kururuwa.

Ni na riga motar kashe gobara isa.
Na goyo wata tsohuwa, Tasalla,
tana ta tambayata takalminta ɗaya.
A cikin taɓo wata waya na ta haske,
an rubuta Uwar Yara a fuskarta,
ta yi ƙara, ta gaji, ta sake.
Na tsaya a kanta da hannu biyu lafiyayyu
na kasa sunkuyawa.

Sha ɗaya ba su fito ba.
A bakin ƙofar tarba, wani saurayi, Nafi'u,
ya zo wa mahaifinsa da lema.
Har isha'i yana riƙe da ita a buɗe,
alhali ruwan ya daɗe da ɗaukewa.

Masu bincike suka zo da farin takalmi,
suka tafi da baƙin akwati,
ashe ma launin lemo gare shi.
Bayan shekara biyu takarda ta fito:
ba abu ɗaya ba ne, ƙanana ne guda bakwai
suka yi sahu kamar jam'i.
Na biyar ɗinsu magudanar da leda ta toshe,
wadda sau uku na rubuta a littafin rahoto
da birona mai yoyo, ba mai karantawa.

A wajen zaman makoki aka ce ƙaddara.
Na amsa, don ni ma mai imani ne.
Sai dai ƙaddara ba ta shan ruwan leda,
balle ta jefa a kwata ta yi gaba.
Wannan namu ne, mu za a tambaya,
ranar da babu mai sa hannu a madadin kowa.

Yanzu ina zaune a ƙofar gida,
fansho na zuwa in ya ga dama.
In jirgi ya taso ta kan rufinmu
nakan yanke magana ko da liman nake yi.
Jikata Lantana ta ce, Kaka, me kake ƙirgawa?
Na ce bari dai ya naɗe ƙafafunsa.
Ɗaya, biyu, uku...
To, ya wuce. Me kike cewa?